Mako na bakwai: jini a kashin Duna

'Yan uwa masu koyon kiwon karnukan gadi, wannan makon babu labarin koya wa kwiyakwiyaina amsa kira, don Duna ta tayar mini da hankali.

Ranar Talata bayan sallar asuba na shiga share wurinsu, sai na tarar kashinta baƙi ƙirin kamar kwalta, ga ɗigon jini a gefe. Gabana ya faɗi, parvo kawai na tuna, cutar nan mai kashe kwiyakwiyai da zawon jini. Wani maƙwabcina a nan Mabera ya leƙo ya ce: "Malam, ai zafi ne, ba ta ibuprofen ta huta." Allah ya sa ban biye masa ba, don maganin nan gyambo yake yi wa cikin kare, jinin ma ya ƙaru.

Na fara raba ta da ɗan uwanta Zaki. Na ɗaga leɓenta, dasashin da ya kamata ya yi ja-ja ya koɗe ya yi fari. Na ja fatar ƙeyarta na saki, ta koma nan take, wato ruwan jikinta bai ƙare ba. Ba ta amai, kuma ta ci abincinta. Na ɗebi kashin a leda, na sa ta a kwali, sai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Wannan ledar ce ta raba gardama. Da aka duba a madubin likita sai ga ƙwan tsutsa mai ƙugiya, wadda ke maƙale wa bangon hanji tana tsotsar jini. Kwikwiyo na iya samun ta tun daga nonon uwa. Likitan ya ce baƙin kashi jini ne da ya fito daga can sama ya narke a hanya, jan kuwa daga kusa da dubura yake. Aka auna nauyinta aka ba ta maganin tsutsa pyrantel daidai kilonta, aka ba Zaki ma, za a maimaita bayan mako 2 saboda ƙananan da maganin bai cim musu ba. Laifina ne. Tun suna mako 2 ake fara maganin tsutsa, ni kuwa ban ko tambayi wanda ya ba ni su ba.

Da parvo ce, da na ga amai, ƙin ci, kwanciya, da zawo mai wari ba kyau. Babu maganin da ke kashe ƙwayarta, ƙarin ruwa ne ke riƙe rai, kuma a zafin Sakkwato na Afrilu kwikwiyo mai zawo ba ya jiran gobe. Rigakafinta daga mako 6 zuwa 8 ne, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har mako 16. Ku tabbata daga firiji ko ƙanƙara aka ciro allurar. Ta Duna an ɗage sai ta murmure.

Simintin wurinsu na wanke da Hypo, gwangwani 1 cikin gwangwani 30 na ruwa. Kashi kuma kullum nake kwashewa, na hana yara shiga ba takalmi, don tsutsar tana huda fatar ƙafa.

Yau Asabar kashin ya koma ruwan ƙasa, dasashin ya fara ja. Ranar magani na biyu na rubuta ta da gawayi a bangon zaure.