Lahadi, bayan wayar Hajiya

Na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba Hajiya ta kira ta WhatsApp. Dama ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, amma tun bayan ƙaramar Sallah ko zancensa ta daina yi. Tun ranar da ya buga mata waya ya fasa abin da ya daɗe yana ci masa rai: shi ba ya sha'awar mata, mutumin da suke zaune tare a garin Leeds na Ingila kuma ba haya kaɗai ta haɗa su ba. Mutum ya haura hamsin, furfura a gemu, yana magana murya na rawa.

Mun gama ƙorafin tsadar shinkafa, sai ta ce, "Yayan naki yana cin abinci kuwa?"

Na ce yana ci, Hajiya. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce ta ba Gwaggo yaji da garin kuka da daddawa, in sun iso in raba biyu in kai masa. Hawaye suka zo min. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ki gaya masa kada ya zo bikin Auta."

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Kunyar dangi take ji, ko tsoro take ji masa? Dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 tana nan daram: ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, shekara 10 ga wanda ya nuna irin wannan soyayya a fili. A Kano kuma ga dokar Shari'a, ga Hisbah. Gidan biki ba ya riƙe sirri, baki ɗaya ya suɓuce a wurin kamu, shi ke nan. Na fi karkata ga tsoro. Uwar da ta sallama ɗanta ba za ta zauna tana daka masa yaji ba.

Na kira shi. Da ya ji zancen daddawa sai dariya, sai "Da gaske ita ta faɗa?" yake ta maimaitawa. Ban yi masa maganar biki ba tukuna.

Amma yau Anti, matar da Yaya ya aura, ita ce ta tsaya min a rai. Shekara da shekaru tana gidansa, dangi na cewa ita ta kasa riƙe miji, har rubutu aka riƙa ba ta tana sha. Yanzu kowa ta Yaya yake yi, ko ta Hajiya, babu mai ɗaga waya ya tambayi lafiyarta. Ina ƙaunar Yayana, amma akwai haƙƙinta a wuyansa, kuma sai na faɗa masa.

Abban yara ya ce zai kai ni Leeds ranar Asabar, amma a mota zai jira ni. Ban ja ba.

Injin wanki ya sake tsayawa, ga kayan makarantar yara jibge.