Abin da na gani a shan maganin ƙarin jini

Haki ne ya fara damuna. Matakala kaɗan zan hau zuciyata ta kama bugawa, ga jiri in na miƙe, ga kasalar da barci ba ya raba ni da ita. Da aka auna jinina, himogilobin ɗina, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ya gaza 12, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga macen da ba ta da ciki. Na namiji 13 ne, na mai juna biyu 11.

Likita ba ta yi gaggawar rubuta magani ba, sai da ta gano cewa yawan jinin al'ada ne ya cinye min sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Na yaba mata a kan haka, domin ba kowane ƙarancin jini ne na ƙarfe ba. Mai sikila in ya yi ta shan maganin ƙarfe ba tare da gwaji ba, ƙarfen na iya taruwa ya illata hanta. Wani kuma gyambon ciki ko tsutsa ke zubar masa da jini a ɓoye.

Ta ba ni maganin ƙarfe mai suna feros salfet, mai miligiram 200, wanda ƙarfen cikinsa ya kai kusan miligiram 65. Ta ce in sha da ruwa ko ruwan lemun zaƙi, in bar tazarar awa biyu tsakaninsa da shayi, kofi, madara da maganin ƙwannafi, don suna hana hanji tsotse shi.

Bayan gida ya koma baƙi. Da ma ta gaya min, ban tsorata ba; abin gudu shi ne baƙi mai danƙo da mugun wari, alamar jini ce, sai asibiti. Abin da ya wahalar da ni tashin zuciya ne da taurin bayan gida. Na koma wajenta, ta mayar da ni ƙwaya ɗaya yau, gobe hutu. Cikina ya lafa, jinin kuma ya ci gaba da hawa.

Da ƙarfi ya dawo min, ta ce kada in kuskura in daina. Jini na saurin cikowa, amma rumbun ƙarfen jiki yakan buƙaci kamar wata uku bayan nan kafin ya cika.

Don Allah masu yara, ku kulle maganin nan. Ƙwayoyin na da launi mai jan ido, kuma 'yan kaɗan sun isa su kashe ƙaramin yaro. Ko da ya haɗiya bai nuna alamar komai ba, a garzaya da shi asibiti.