Abin da Iya ta tambaye mu a bakin tur'a

Kafin yaƙin 2023 na yi rani guda ina rakiyar wasu masu bincike daga jami'a zuwa wani kambo, wato ƙauyen 'yan ƙodagon gona, kusa da garinmu a Jazira ta ƙasar Sudan. Ni ne tafinta, ina juya Larabcinsu zuwa Hausa. Da hantsi mu sa dogon takalmin roba mu shiga Abu Ishrin, ƙaramar tur'a (magudanar ban-ruwa) mai kai ruwa gonaki, da rariya mai dogon mariƙi, muna kwaso ƙananan katantanwa daga ciyawar gefe. Su ke rainon ƙwayar tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari ko bahaya a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shige katantanwa, bayan 'yan makonni ya fito ya huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa.

Ran taro da mutanen kambon na zuba bayanin nan kaf, ina jin daɗin kaina. Wata tsohuwa ta bari na gama, ta ce, "Ɗana, fitsarin jini ba yau muka san shi ba. Ina amarya wasu suka zo da mota suka faɗa mana haka. To, a ina zan wanke kayan jikokina?"

Na ce, "Iya, gaskiyarki." Bakina ya mutu. Ashe shirin lafiyar Bahar Azrak (kogin Blue Nile) take nufi, wanda aka fara a 1979, aka yi shekara goma ana raba magani da kashe katantanwa. Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar ruwan nan ke shayar da auduga, amma kambonsu ko famfo babu.

Laifinmu ne, mun zo da amsa ba mu tambayi kowa komai ba. Daga nan likitar da ke jagorantarmu ta daina cewa a bar tur'a. Ta zauna kan tabarma da matan, suka duba abin da zai yiwu: ganga biyu, a ɗebi ruwa a bar shi kwana biyu kafin wanka, don ƙwayar ba ta wuce haka da rai, yara su daina iyo da tsakar rana, lokacin da ta fi fitowa. Ta kuma faɗa musu ƙarara cewa maganin praziquantel yana warkarwa, amma ba ya hana sake kamuwa.

Da sakamakon gwajin da aka yi wa yara ya fito, na nace sai mun koma mun karanta wa iyayen yara da baki. Mun kai takardar neman famfo ofis sau uku. Ran da na je sallama, na tarar da Iya ta rufe gangarta da faifai, ta ɗora dutse, tana ƙirga kwana.