Yadda aka gano mini ƙarin mahaifa aka kuma cire shi a Kaduna

Ina da shekara 34 lokacin da aka tabbatar mini cewa ina da ƙarin mahaifa, wanda a asibiti ake kira faibirod, amma alamunsa sun daɗe da bayyana. Al'adata ta riƙa ja da tsawo, jini yana zuwa guda-guda, har ya kai audugar mata ba ta riƙe ni zuwa tashi daga makarantar da nake koyarwa. Malamar islamiyyarmu na fara tunkara saboda salla, ta bayyana mini cewa a mazhabar Malikiyya mace tana ƙara kwana uku a kan kwanakin da ta saba matuƙar ba su haura 15 ba, abin da ya biyo baya kuma istihala ne, sai a yi wanka a ci gaba da ibada. Ita ce kuma ta ce lallai in ga likitan mata.

A gida fassarar daban ce. Da marata ta fara tasowa, gwaggon maigidana ta dube ni ta ce, "'Yata, ciki ne ya kwanta miki, ki bar shi zai tashi." Ba na ganin laifinta, domin haka ta taso tana ji, amma na yi imani wannan magana ta kwantaccen ciki ta zaunar da mata da yawa a ɗaki har jininsu ya kusa ƙarewa.

Likitan da na gani ya fara da gwajin ciki, aka samu babu komai. Ya taɓa marata ya ce girman mahaifar ya kai na cikin mako 18, domin da makonnin juna biyu suke kwatanta girmanta, kuma a mako na 20 ne take kaiwa cibiya. Daga nan aka tura ni hoton ciki, inda aka sa na sha ruwa har mafitsara ta cika kafin a duba ta saman mara, sannan aka sake dubawa ta ƙasa, wanda ya fi nuna cikin mahaifar sosai.

Sakamakon wannan hoto ne ya fi koya mini abu a duk wannan jinya. Ƙarin ba ɗaya ba ne. Mafi girmansu, wanda ya kai babban lemo, yana ta wajen mahaifa yana danne mafitsara, shi ya sa nake yawan tashi fitsari da dare. Akwai wasu a cikin naman bangon mahaifar. Wanda yake jawo zubar jinin kuwa ɗan ƙarami ne da ya turo kai cikin ɗakin mahaifa, inda ɗa yake zama, kuma irinsa ne ya fi hana ciki kamawa ko ya jawo ɓari. Mata mukan tsorata da santimita nawa aka rubuta a takarda, alhali wurin da ƙarin ya tsiro ya fi girmansa yanke hukuncin abin da za a yi. Mace tana iya ɗauke da babba ba ta san da shi ba, wata kuma ƙarami ya kai ta ga ƙarin jini.

Likitan ya ce tsiro ne na naman mahaifa da sinadaran jikin mace, isturojin da furojestaron, suke ciyarwa, saboda haka yakan motse bayan mace ta daina al'ada gaba ɗaya saboda shekaru. Ba kansa ba ne, kuma da wuya ƙwarai a samu kansa a cikinsa. Ya fi yawa a matan baƙar fata, yana kuma zuwa mana da wuri. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna da shi kafin su cika shekara 50, duk da cewa da yawansu ba ya damun su, ba kuma sa bukatar magani.

Gwajin jini ya nuna PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, 24 ne, alhali na mace lafiyayya yakan kama daga wajen 36. A nan na fahimci dalilin hakin da nake yi idan na hau bene, da jiri, da kwaɗayin farar ƙasa da ya kama ni, wanda ashe alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe. Likitan ya ce, "Malama, ba zan shiga da ke tiyata da wannan jinin ba." Aka ɗora ni a kan ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin tiranegzamik da ake sha lokacin al'ada don rage zuba, sannan allurar Zoladex a fatar ciki duk bayan mako huɗu. Allurar tana tsayar da al'ada ta kuma rage girman ƙarin, amma takan kawo zafin jiki da zufa, ba a son a wuce wata shida a kanta saboda tana raunana ƙashi, kuma da an daina ƙarin yake komawa yadda yake. Wannan ya ishe ni amsa ga masu tallar maganin da suke cewa yana narkar da ƙari a fitar da shi.

Da jinin ya hau muka zauna kan zaɓi. Cire mahaifa gaba ɗaya shi ne kaɗai yake raba mace da ƙari har abada, kuma ya dace da wadda ta gama haihuwa. Akwai toshe jijiyoyin da suke kai jini ga ƙarin, amma ba kowane asibiti yake yi ba, ba a kuma fifita shi ga mai neman haihuwa. Ni ina da ɗa ɗaya ina son in ƙara haihuwa, don haka aka tsayar da cire ƙarin a bar mahaifar. Kafin nan an gwada maniyyin maigidana, abin da nake ganin ya kamata kowane miji ya yarda da shi, domin ba adalci ba ne a yanka mace saboda rashin haihuwa ba a duba ɗaya ɓangaren ba. Irin wannan aiki ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Sojoji na 44, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, mai rajista da KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, kuma ta fara tambayar abin da inshorar za ta ɗauka.

Takardar amincewa ce ta fi tsaya mini a rai, domin an rubuta cewa idan jini ya ƙi tsayawa za a cire mahaifar don ceton rai. Ba kasafai hakan yake faruwa ba, amma gara mace ta tattauna shi da mijinta tun a gida. An nemi leda biyu ta jini, ƙannena suka bayar. An yi mini allurar baya, aka ɗaure gindin mahaifar da robar fitsari don rage zubar jini, aka ciro ƙararrakin aka aika da su ɗakin gwaji, sakamako ya dawo babu kansa. Washegari ma'aikatan jinya suka tashe ni tafiya, na ji kamar mugunta ce, sai suka ce motsi ne yake hana jini daskarewa a ƙafa. An hana ni ɗaukar abu mai nauyi na mako shida.

Al'adata ta daidaita, sai dai an gaya mini ƙarin yana iya sake tsirowa muddin mahaifa tana nan, saboda haka nake komawa hoto lokaci-lokaci. An kuma ce in jira wasu watanni kafin ɗaukar ciki, kuma tunda an buɗe ɗakin mahaifar wajen ciro ƙaramin nan, haihuwata ta gaba ta tiyata ce kafin naƙuda ta fara, don kada tabon ya yage. Na roƙi kwafin bayanin aikin na adana, domin duk asibitin da zan je awo sai sun san ko an shiga ɗakin mahaifar ko ba a shiga ba.