Wasiƙa Daga Beljiyam: Muna Da Bashin Ibro A Wuyanmu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana mutanen Maradi. Ina gaishe ku daga Beljiyam, inda sanyin Disamba ya kulle mu a ɗaki. Da fatan hunturu ya zo muku da sauƙi.

Daren jiya da na taso daga aiki, na tarar da abokin zamana, wani ɗan Tasawa, ya kunna tsohon wasan marigayi Rabilu Musa Ibro a waya. Muka yi ta ƙyaƙyata dariya har maƙwabci ya buga mana bango. Da wasan ya ƙare sai ɗakin ya yi tsit, kowa ya tuna gida.

Ni a wani gidan kallo na unguwar Mokoyo na fara ganinsa. Dala biyar muke biya, mu cushe a kan benci, inji na ruri a waje. Kaset ɗin daga Kano yake fitowa, ya biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Ibro bai ma buɗe baki ba, ya dai zaro ido ya karkata hula, rumfar ta kaure. Direba ne yau, gobe boka, jibi maigidan da bashi ya yi wa katutu. Talaka yake nuna mana, irinmu, da yunwarsa da 'yan dabarunsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya son fim ko kaɗan, amma in Ibro ne sai ya ce, “Ku ɗan ƙara murya.”

Ibro ɗan Ɗanlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Ya yi aikin gidan yari kafin ya koma wasa gaba ɗaya. A 2008 kuma aka ɗaure shi a Kano saboda wani fim, abin da har yau yake sosa mini rai. Ciwon ƙoda ya yi ajalinsa ranar 10 ga Disamba 2014, bai kai shekara 45 ba.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin faifan da muka saya a kasuwa na kwafi ne. Mun sha dariya, ko dala ɗaya tamu ba ta shiga aljihunsa ba. Bayan haka wasunmu suka riƙa kiransa ɗan wasa da sigar raini, alhali shi ya ɗebe mana kewa a shekarun da hatsi ya yi tsada.

Don Allah, ranar Juma'ar nan ku sa shi a addu'a. Mu nan mun haɗa ɗan abin da ya samu, na aika wa yayata ta toya masa ta raba wa almajirai da sunansa. Allah ya jiƙan Ibro, ya kai haske kabarinsa.

Naku,
Ɗan Mokoyo a Beljiyam