Godiya ga duk wanda hannunsa ya taɓa takobin nan

Assalamu alaikum. Jiya Asabar aka yi bikin rufe makarantar su yarona, aka yi wasan kwaikwayo, kuma takobin nan mai haske da na shafe wata bakwai ina fama da shi ya kama a hannun yaron tun daga farkon wasa har aka tashi, bai mutu ba, bai yi zafi ba. Alhamdu lillahi. Da hannun hagu nake buga wannan rubutu, na dama yana cikin bandeji har yanzu, don haka a yi mini uzuri idan an ga kuskure. Mutane da yawa suna bina bashin godiya, kuma ba zan iya bin su gida gida ba.

Wasu abin da kawai suka ji shi ne batir ya fashe a gidanmu, har wata gwaggona ta bugo daga Gaya tana tambaya ko bam nake haɗawa. To, ga abin da nake haɗawa. Takobin wasa ne, ba ya yanka ko takarda. Ruwansa bututun roba ne mai tauri, faɗin inci ɗaya, tsawon santimita 80. A cikinsa akwai zirin ƙananan fitilu guda biyu da aka manna baya da baya, irin waɗanda ake kira WS2812B, masu ƙwai 144 a kowace mita, an naɗe su da siririn soso don kada ido ya ga ƙwayayen ɗaya-ɗaya. Kowane ƙwai yana karɓar umarninsa daban, shi ya sa idan an danna makunni hasken ke hawa daga gindi zuwa tsini kamar ana zare shi daga kube. Amma duk wahalar a ƙotar take. Ɗan bututun alminiyam ne da bai kai tsawon kamu ɗaya ba, kuma a cikinsa sai an cusa batir, da allon Arduino Nano, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke ba fitilun umarni, da na'urar da ke jin motsin hannu, da ƙaramar sifika, da wayoyi sun fi goma. Tun ina yaro nake son abin, kuma abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne sanin cewa ƙotar takobin hasken da jarumin fim ɗin Star Wars na 1977 ya riƙe ba wani abu ba ce illa mariƙin tsohuwar fitilar kyamara ta Graflex da aka yi wa kwalliya. Na ce idan haka ne, ai tarkacen Ƙofar Ruwa ma sun isa.

Laifin abin da ya faru nawa ne ni kaɗai, gara in faɗa tun yanzu. Batirin da na yi amfani da shi irin 18650 ne, na ciro shi daga tsohuwar kwamfutata ta hannu. Wajen ɓanɓaro shi ledar jikinsa ta ɗan yage a wuya. Na gani da idona, na ce ba komai. Abin da na sani amma na raina shi ne, duk gwangwanin batirin nan tun daga gindi har wuya ɓangaren wuta ɗaya ne, hular kansa kuma ɗaya ɓangaren, kuma tsakaninsu a nan saman bai wuce kaurin tsinken ashana ba. Ledar nan da ɗan zoben takardar da ke ƙarƙashinta su ne katangar. Daren Alhamis, saura kwana tara biki, na ƙosa in ga haske, sai na tura batirin cikin ƙotar ƙarfe haka nan tsirara, bakin wani noti da ya leƙo ciki ya haɗa su. Ƙota ta ɗau zafi nan take. Mai hankali jefarwa zai yi. Ni kuwa aikin wata bakwai na tuna, na sa yatsu zan zaro batirin. Sai ya yi huci, ya feso hayaƙi da tartsatsi, ya ƙona mini tafin hannu da yatsu uku, labulen taga ya kama.

Godiyata ta farko, bayan ta Ubangiji, ga uwargida. Ina tsaye ina yarfa hannu ina salati, ita ta fizgo labulen ƙasa ta juye masa bokitin wanki, ta kora yara waje. Wata bakwai tana haƙuri da garin ƙarfe a kan darduma da warin dalma a ɗaki, kuma har yau ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba, alhali ta faɗa. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Maƙwabcina mai walda ya shigo ko takalmi babu, da awartaki a hannu. Shi ya ɗauki ƙotar tana hayaƙi ya kai tsakar gida ya tura cikin yashin gini, ya hana kowa matsawa kusa har ta huce. Sai Anti ma'aikaciyar jinya da ke bayan layinmu. Kafin ta iso an riga an kawo man goge baki, wani ya fasa ɗanyen ƙwai, wani yana neman baƙin mai. Ta ce duk a kwashe. Ta zare mini zoben azurfa tun yatsa bai kumbura ba, ta sa aka riƙa kwarara mini ruwan randa a hannu har minti ashirin tana duba agogo, ta hana a sa ƙanƙara, sannan ta raka mu asibiti da kanta ƙarfe ɗayan dare. Anti, ban san da wane baki zan gode miki ba.

Washegari na ce wa yaron a haƙura, malamai su nemo masa takobin katako. Bai yi kuka ba, ya ce "to, Abba," ya tafi. Da ma kukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ƙanina ne ya ɗauki ƙonanniyar ƙotar a jaka ba tare da ya tambaye ni ba, kuma daga nan aikin ya bar hannuna.

Wurin Baba mai injin feƙe ƙarfe ya fara kaiwa, dattijon da tun farko ya fitar mini da zobban ƙotar. Baba ya leƙa cikin bututun, ya girgiza kai, ya aiko a gaya mini: "Ka ce wa ɗana ba a kwantar da wuta a gadon ƙarfe." Ya feƙe wata farar roba mai tauri ya yi wa batir gida, ya rage tsawon notin da ya jawo fitinar, ya share cikin bututun tas. Da ƙanina ya ciro kuɗi, Baba ya ce a sayi maganin hannu da su.

Daga can sai kasuwar waya ta Farm Centre, wurin wani matashi mai gyara da na saba sayen dalma a hannunsa. Ya sake liƙa wayoyin gaba ɗaya, kuma in faɗi gaskiya, da na ga nasa liƙin sai na ji kunyar nawa. Ya ƙi taɓa sauran tsofaffin batiran da na aika, ya ce sai sabo mai allon kariya a jiki, wanda ke yanke wuta da kansa idan an samu haɗuwa. Shi ne kuma ya yi lissafin da ya kamata in yi tun watan farko. Fitilun ruwan takobin sun kai 230, kowanne kan ja wuta har miliamfiya 60 idan an ƙure farin haske, jimla kusan amfiya 14. Batirin kwamfuta ba a yi shi don wannan kaya ba. Wato ko ledar ba ta yage ba, ina kan hanyar wata matsalar, kuma wataƙila a hannun yaro za ta same ni. Wannan tunanin ya fi ƙunar hana ni barci.

'Yar yayata da ke karatun kwamfuta a jami'a ta kwana biyu tana gyara umarnin allon. Ta cire farin haske, ta bar shuɗi kaɗai kamar yadda yaron ke so, wanda ya mayar da jan wutar kusan kashi ɗaya cikin uku, ta kuma sa masa iyakar da ba zai wuce ba. Ta ce mini, "Kawu, rubutunka na aiki, amma ko kai ba za ka gane shi ba bayan wata ɗaya." Na karɓa.

Wanda ban taɓa sa shi a lissafi ba shi ne baduku na Kasuwar Kurmi. Wuta ta bar baƙin tabo a jikin ƙotar wanda sanfefa ta kasa fitarwa, sai ƙanina ya kai a rufe. Ni ƙota mai ƙyalli nake so, irin ta fim. Abin da ya dawo kuwa ƙota ce naɗe da jar fatar akuya, da ɗinki a gefe guda siriri kamar na layar jarirai, ya bar ramin makunni da na sifika a buɗe ba tare da an gaya masa ba. Ya auna abin a kan yatsa ya ce nauyin ya yi gaba, hannun yaro zai gaji, a ƙara wani abu a gindi, aka sa zoben tagulla. Har hamila ya yi masa kyauta, irin wadda mahaya ke ratayawa ranar hawan Sallah. Da yaron ya fito dandali da rawani da hamila a kafaɗa, aka rage fitilun zaure, ya danna, shuɗin haske ya hau, yara suka miƙe tsaye suna ihu. Na ga cewa tsarin baduku ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma ban ji haushi ba.

Ina godiya ga malaman makaranta da suka yarda a shigo da abin bayan sun ji labarin gobara, da sharaɗin ni zan riƙe shi har lokacin fitowar yaron, kuma sharaɗin daidai ne. Na gode wa abokan aiki da suka karɓi aikina na mako guda, da duk wanda ya zo dubiya ko ya bugo waya. Hajiyata, wadda tun farko ta raɗa wa abin suna tocila mai tsada, ta zauna a layin gaba jiya, kuma an ce ita ta fi kowa tafi, ko da yake ta musa.

Saura magana ɗaya. Akwai mutum huɗu da na raba wa irin batiran nan daga kwamfuta ɗaya, biyu sun sa a fitilar caji, ɗaya a fanka. Don Allah ku ciro su yau ku duba wuyansu, idan leda ta yage ko kaɗan ku manne kan da salatif ku kawo mini, sauran nawa suna cikin gwangwanin yashi a bayan gida. Maƙwabci, awartakinka yana wurina, yaro zai kawo maka bayan La'asar.