Alƙalamin gashin tsuntsu irin na Ingila: inda na kai

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Gashin da na gasa ya yi tauri, yanzu yana ɗaukar fiƙa ba tare da ya tsage inda ban so ba.

Gasawar nan ita ce aikin. Ɗanyen gashi yana da laushi da maiƙo, tawada ba ta zama a bakinsa. Masu sana'ar a Ingila ta da sukan cusa gindin gashin cikin yashi mai zafi, su zare shi, su kankare fatar da ke samansa. Ni a gwangwani na zuba yashin na ɗora kan garwashi. In zafi ya yi yawa gashin kumbura yake yi ya lalace, don haka ku fara gwaji da wanda ba ku damu da shi ba.

Su masu sana'ar na dinya suka fi amfani da shi, manyan nan biyar na bakin fiffike, kuma mai rubutu da dama na fiffiken hagu yake nema, don lanƙwasarsa tana kauce wa ido. Na talotalo nake samu, ya wadatar.

Fiƙa kam, duk wanda ya gyara alƙalamin kara a makarantar allo hannunsa ya riga ya sani. Sai dai bakin gashi saurin dakushewa yake yi, dole wuƙa ta zauna kusa. Shi ya sa da masana'antun Birmingham, wani birni a Ingila, suka fara buga bakin ƙarfe da yawa a shekarun 1820, gashi ya soma ja da baya.

Tawada ce ke gabana yanzu. Ta mutanen Ingila haɗi uku ce: ƙullutun da wani ɗan ƙwaro ke haddasawa a jikin itacen oak, da gishirin ƙarfe, da ƙaro, wannan dai ƙaron da muka sani. Da irinta aka rubuta Magna Carta, shahararriyar takardar yarjejeniya tsakanin sarkin Ingila da manyan ƙasarsa, a 1215. Tunda oak ba ya nan, bagaruwar majema na jiƙa na haɗa da ruwan tsatsar ƙusoshi. Da fari rubutun dishi-dishi yake fita, kada ku yi saurin zubar da ita, iska ce ke baƙanta shi a kan takarda. Abin da ya rage mini shi ne daidaita ƙaron, don har yanzu tana ɗan nashewa. Wanda ya riga ni gano ma'aunin ya taimaka.